Kwalbar da Aka Rufe da Kaki

2 ga Maris

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da ƙafarki mai ciwo da kunnen nan da ya hana mu magana ta waya. Ni lafiyata ƙalau, in ta jiki ake tambaya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ke kuma Allah ya saka miki jinyar wata bakwai da kika yi wa yayanki ke kaɗai.

Na san kina fushi da ni, kuma da gaskiyarki. Zan iya cewa asibiti ne bai ba ni hutu ba, amma ƙarya zan yi. Ban nema ba. Sau biyu ina haɗa jaka ina kwancewa. Tsoro nake ji in shigo ɗakinsa ya juya fuska bango.

Shekara huɗu ke nan maganar nan tana kunnena. Ke kina ɗakin ɗinki ranar, hayaƙi kawai kika gani. Ya bar mini bokitin farar zumar da ta daskare, ya ce in zaunar da shi cikin ruwan ɗumi, in riƙa canza ruwan har kwana uku. Ni kuwa washegari motar da za ta kawo ni nan za ta tashi, ko kayana ban haɗa ba. Na ce wace irin wahala ce wannan, na ɗora bokitin a kan wuta. Kafin ya dawo daga wajen akwatunan ƙudan zuma, wahalarsa ta shekara guda ta koma baƙa ƙirin, tana ƙauri. Bai yi faɗa ba, Goggo, da ma faɗan ya yi. Ya sa yatsa ya ɗanɗana, ya goge a rigarsa, ya ce, "Hannunki ba na zuma ba ne. Tafi inda za ki." Ni ma da nawa taurin kan, na tafi.

Ki ji abin dariya, aikin da nake yi a nan tafasa almakashi da ƙarafan tiyata ne. Wuni nake tsaye gaban tukunyar tururi, kuma har yau ba wanda ya ce na ƙona masa komai.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kafin ciwon ya ɗauke masa magana, ko bayan nan da hannu ko da ido, ya taɓa nuna ya janye maganar nan? Ko sau ɗaya ya ambaci sunana? Ki gaya mini gaskiya ko ba daɗi.

'Yarki,
Ɗigo

9 ga Afrilu

Ɗigo,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta zo. Na karanta, na tura ta ƙarƙashin keken ɗinki wata guda, don da a ranar na amsa da takardar ta kama wuta.

Lafiyata lau. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta, in kin tuna wacce ce. Kunne kuwa ya yi mini rana, bai ji abin da mutane suka riƙa faɗa ba da suka duba ba su ga 'yar mamaci ba.

Kafinta maƙwabcinmu ne yake leƙa akwatunan yanzu. Daga nesa yake leƙensu, da buhu a kansa, sai ka ce shi ƙudan suka ce za su cinye. Ya ce in gaishe ki. Ban ce masa zan isar ba, amma ga shi na isar.

Kin yi tambaya. Amsarta ba a wajena take ba.

Ga kwalba nan na ba direban da ke bi ta wajenku. Taki ce, Yaya da kansa ya nuna haka. Farar zuma ce ta ɗibansa na ƙarshe, ta daskare tun yana da ƙafa. Na ja wa direba kunne ya ajiye ta tsaye kusa da shi, kada ya kwantar da ita, kada rana ta doke ta. Ke 'yar mai zuma ce, ba sai na yi miki dogon bayani ba.

Goggonki

16 ga Afrilu

Goggona,

Barka da war haka, ya ƙafa? Ki gaishe mini da Kafinta, ki ce masa ya daina sa baƙin buhu, baƙin ne ma yake jawo masa su.

Kwalba ta iso ranar Lahadi. Direban nan da hannu biyu ya miƙo mini ita kamar jariri, ya ce kin yi masa kashedi har sau uku. Na gane ta tun daga nesa, ita ce mai ruwan ƙasa, mai faɗin baki, wadda take zama a saman kabad ɗinsa.

Da na karanta inda kika ce amsar ba a wajenki take ba, na zauna a bakin gado na yi kuka. Na fahimta, Goggo. Bai ce komai ba, ke kuma ba ki son ki faɗa mini kai tsaye. Amma da na sake duban kwalbar sai na gane abin da yake nufi. Daskararriyar zuma ya bar mini, irin wadda na ƙona. Aikin da na ɓata ne ya sake ɗora mini.

To, na yi shi. Da na ga an zagaye murfin da ƙyalle an liƙe da kaki, ban taɓa shi ba. Kin san dokarsa, ba a buɗe zuma a kusa da ruwa, don tana shan damshi, in ta sha kuwa sai ta yi kumfa ta yi tsami. Sai ta narke, ta huce, an goge jikin kwalbar, sannan a fasa kaki.

Na ari babbar roba wajen matar da muke haya tare. Na haɗa ruwa na gwada da gwiwar hannu yadda yake yi, in fata ba za ta iya zama a ciki ba to zuma ma ba za ta iya ba. Na zaunar da kwalbar, ruwan bai kai wuyanta ba. Duk sanda ya huce in zubar in haɗa wani. Kwana uku na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini tukunya da rana, in ruga gida in canza ruwa in koma. Matar gidan ta ce ga murhu, ga tukunya, me ya yi zafi? Na ce mata ai zafin ne matsalar. Ta dube ni kamar wadda ta taɓu.

Ranar farko gefe-gefe ne ya saki. Rana ta biyu na ɗaga ta a hasken taga, na ga dunƙulen tsakiya yana yawo kamar sabulu a kwano. Jiya da safe ya ɓace. Na bar ta ta huce, na fasa kakin, na wanke cokali na goge shi ya bushe ƙayau, na ɗanɗana.

Goggo, ba ta ƙone ba. Launinta bai juya ba, ƙamshinta yana nan, ƙamshin ɗakinsa sak. Na tsaya da cokali a hannu ina jira wani ya ce wani abu, sai na tuna ba kowa. Duk da haka tun rasuwarsa ban ji sanyi a raina irin na jiya ba. Na ajiye ta can ƙasan kabad inda rana ba ta kaiwa. Ban sa ta a firji ba, kada ki damu.

'Yarki,
Ɗigo

14 ga Afrilu

Ɗigo, ɗiyata,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya da aiki. Yau kwana biyar da na ba direba kwalba, ban ji daga gare ki ba tukuna, kuma na kasa zama. Jiya hannun riga na ɗinka a wuya. Wannan ta gidan waya zan aiko, ba zan jira direba ya zagayo ba.

Waccan wasiƙar da fushi na rubuta ta, na taƙaita abin da bai kamata a taƙaita ba. Yanzu ai kin buɗe kin gani, to bari ki ji yadda aka yi.

Saura kwana tara ya rasu, da safe bayan na goge masa jiki, ya riƙa nuna saman kabad da hannun hagu, shi kaɗai ne mai motsi. Na sauko da agogo, ya girgiza kai. Na sauko da hularsa, ya harare ni. Kin san hararar. Da na taɓa kwalbar sai ya lumshe ido. Na ɗauka sha zai yi, na kawo cokalinsa. Ya sa na jingina shi da matashi, na saka masa kwalbar tsakanin gwiwoyinsa, na buɗe. Sai ya juya cokalin ya kama ta wajen baki, ya ɗora mariƙin a kan zumar.

Tun wata na biyu na sha kawo masa takarda da biro. Biron zamewa yake, takardar ta gudu, ya yi jifa da su. Ita kuwa zumar ta yi tauri kamar sabulu, ba ta gudu, abin da aka zana a kanta yana zama. Shi ya gano wannan, ba ni ba.

Ya kore ni da haɓa. Na koma bakin ƙofa, ta gefe nake hango shi. Tun hantsi yake abu ɗaya har rana ta take. Ya zana, ya duba, ya shafe da bayan cokali, ya sake. Gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Da ya gama ya jawo murfin da kansa ya ɗora, ni na murɗa masa. Na ce, "Yaya, ta wace ce?" Ya nuna hoton nan naki na makaranta da ya sa na cire daga bango shekara huɗu da suka wuce. A bayan kabad yake, ban san ya san inda na ɓoye shi ba.

Ban duba ba. Wallahi ban duba ba, don ba ni ya rubuta wa ba. Abin da nake nufi ke nan da na ce amsar ba a wajena take ba, tana wajenki.

Yanzu ki taimaki tsohuwa. Ɗan'uwana ne, wata bakwai ban ji muryarsa ba. In ba sirri ba ne, me ya rubuta?

Goggonki

23 ga Afrilu

Goggo,

Ina gaishe ki. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Taki ta iso yau, tawa kuma na san tana hannunki yanzu, kin riga kin san abin da na aikata.

Na duba kwanan watan da kika sa. Ranar da kike rubutawa ita ce ranar da na ɗaga kwalbar a taga na ga dunƙulen yana yawo. Maganar ubana ce take yawo a ciki, ni kuma ina murna tana raguwa.

Na fito da ita na buɗe, na leƙa, na karkata ta, na haska ta da tocila. Ba komai, Goggo. Fuskata kawai nake gani.

Da na ƙona masa zuma, gaggawa ce. Wannan karon ban yi gaggawa ba. Ban tsallake ko ɗaya cikin abin da ya koya mini ba, kwana uku ina lallaɓa ta. Me ya sa ba ki ce in buɗe ba? Kalma ɗaya ce fa.

Kin ce kin hango shi ta gefe. Ki tuna, don Allah. Hannunsa sau nawa ya ɗaga? Fuskarsa fa? In ma ba ki ga komai ba, ki ƙirƙiro mini wani abu. Ki ce kin leƙa kin ga ya yafe. Ba zan tambaye ki sau biyu ba.

Ɗigo

30 ga Mayu

Ɗiyata Ɗigo,

Ina gaishe ki da haƙuri. Kada shiruna ya sa ki ce fushi ne, kunya ce. Da na karanta wasiƙarki ta ruwan ɗumi, sati biyu ban buɗe ɗakin ɗinki ba. Kafinta ya ɗauka ƙafar ce, ya kawo mini man zafi.

Kin ce me ya sa ban ce ki buɗe ba. Na yi ta gaya wa kaina cewa ai duk wanda aka ba kwalba buɗewa yake fara yi. Gaskiya ne, amma ban da 'yar Yaya, kuma na fi kowa sanin haka. Gaskiyar ita ce so na yi ki ɗan ji jiki. Na ce bari ta karanta gajeriyar takarda ta ji yadda shiru yake. Kwana biyar kawai na yi niyya.

Akwai wanda ya fi wannan. Kakin nan ba shi ya ce a sa ba. Murfi kawai ya ɗora. Bayan an binne shi kwalbar tana kallona ina kallonta, hannuna yana ƙaiƙayi. Na ji tsoron wata rana zan ci amanarsa, shi ne na narka kaki na liƙe ta, don in hana kaina. Ke kuma kika ga kaki kika ɗauka umarninsa ne. In akwai wanda ya shafe maganar nan, ni ce, da hannuna da bakina. Ki yafe mini in za ki iya, in ba yanzu ba ko nan gaba.

Ƙaryar da kika roƙa kuwa ba zan yi ba. Na zauna zan rubuta ta, har na fara, na yaga. Mutumin da ya yi gumin safiya guda don ya faɗi abu da kansa, ba zan sa masa tawa maganar a baki ba. Kuma ke ba yarinya ba ce, da kin karanta za ki ji muryata a ciki.

Ga abin da na sani. Sau uku ya shafe, na huɗun ya bari. Leɓensa yana motsi. Ban ga hawaye ba, amma ubanki ko ranar da aka binne uwarki a wajen akwatuna ya yi nasa kukan. Da na murɗa murfin ya yi barci har la'asar, rabonsa da irin wannan barcin an daɗe.

Sai kuma wannan. Wani mai gonar lemo ya zo sau uku Yaya yana jinya, yana son a sallama masa akwatunan. Duk zuwan da ya yi, Yaya bango yake juya wa fuska. Ko don ke ne, ko taurin kan gidanmu ne kawai, Allah ne masani. Mutumin ya ce zai dawo farkon Agusta. Ni da wannan ƙafar ba zan iya da su ba, Kafinta kuma an harbe shi a fatar ido, ya ce ya tuba.

Ga cokalinsa nan cikin ƙyalle. Na wanke shi tun ranar, da na sani da ban wanke ba.

Goggonki

5 ga Yuli

Goggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi, kuma kin koma kan keke. Ki yi wa Kafinta sannu da ido. Ni na ɗan yi zazzaɓi, ya wuce.

Na yafe miki. Ban ce raina ya daina ciwo ba, amma ke kika wanke shi kika juya shi wata bakwai, ni ina nan ina haɗa jaka ina kwancewa. Da na zo, da ba a kai ga kwalba ba.

Zumar ta sake daskarewa. Kin san halin farar nan, ba ta daɗewa a narke. Sati shida ban leƙa ƙasan kabad ba. Da na buɗe na tarar ta yi fari, ta yi tauri, samanta sumul. Ba ta lalace ba, haka za ta shekara goma in murfi yana rufe.

Ranar Asabar da safe na yi wani abu, kada ki yi mini dariya. Na zauna a gado na jingina da matashi, na saka kwalbar tsakanin gwiwoyina. Na zauna a kan hannuna na dama. Na kama cokalinsa da hagu ta wajen baki, yadda kika ce. So nake in ga abin da bakin kwalbar zai iya ɗauka.

Goggo, wurin bai fi tafin hannu ba, kuma hagu ba ta san ƙaramin rubutu ba. Na gwada "na yafe miki", ban kai rabi ba na ci karo da gilashi. Na shafe. Na gwada maganar da ya yi mini ranar bokiti, ita ko kusa ba ta shiga ba. Ni mai lafiya sai da na yi gumi. Har azahar ina yi, abu uku kawai na samu suka zauna a wurin. Tafi. Dawo. Sai sunana.

Ban san wanne ba ne, kuma ba zan taɓa sani ba. Wataƙila ma ba ko ɗaya. Wannan zan ɗauka har tawa ta zo, na daina neman wanda zai sauke mini. Na farkon dai ya riga ya faɗa mini da bakinsa, na kuma yi masa biyayya shekara huɗu. Sauran biyun ne ban gwada ba.

Na je wajen shugabar ɗakinmu na nemi hutu. Ko tambaya ba ta yi ba ta sa hannu, abin da ya ƙara sa ni kuka ke nan. Zan biyo direba ranar ashirin ga wata. Ki ce wa mai gonar lemo ya dakata tukuna. Ban yi alkawarin zan iya ba, rabona da buɗe akwati tun kafin in tafi, kuma mai cewa na iya ko ban iya ba ya riga ya kwanta dama.

Na shafe saman zumar da bayan cokali na rufe. Ban sa kaki ba. A cinyata zan riƙo ta, tsaye.

Roƙo ɗaya, kuma wannan ba ƙarya a cikinsa. In kin hango ni na sauko daga mota, kada ki jira in ƙaraso. Ki tsaya a ƙofar ɗakinsa ki kira ni Ɗigo, sunan da ya sa mini, da ƙarfi, yadda ke ma za ki ji. A nan ba wanda ya san shi.

'Yarki,
Ɗigo